Zango guda muna ƙera fitilar karatu

Darasin zayyana da fasaha nake koyarwa a makarantar sakandare, kuma aikin da na fi ba yara 'yan shekara 13 zuwa 14 shi ne ƙera fitilar karatu mai aiki da batir. Na zaɓe ta ne saboda ƙaramin abu ce da ta tattara kusan duk abin da darasin ya ƙunsa. Akwai katako, akwai roba, akwai waya da lantarki, akwai zane da awo, sannan akwai mutumin da zai kunna ta ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Aikin yakan cinye zangon karatu ɗungurungum.

Ranar farko ba mai taɓa zarto. Yara kan shigo ɗakin aiki idonsu na kan kayan da ke rataye a bango, hannu na ƙaiƙayi, ni kuwa sai in sa su ajiye jakunkuna a wuri guda mu zagaya ɗakin. In nuna musu jan maɓallin da ke kashe wutar injuna gaba ɗaya, kowa ya danna shi da hannunsa. In nuna layin da aka shata a ƙasa gaban injin huda, wanda mutum ɗaya kaɗai ke tsallakawa a lokaci guda. Duk abin da ke reto a jiki, gashi ne ko hannun riga, a ɗaure shi. A sa tabarau na kariya kafin a kunna inji. Abin da za a huda a matse shi da bais, ba a riƙe shi da hannu, domin idan bakin injin ya cije a cikin katako, katakon ne zai juya da ƙarfin injin, yatsu kuwa ba sa iya tsayar da shi. Kowane yaro yana da takardarsa a wurina. Sai na ga da idona ya yi amfani da wani kayan aiki yadda ya kamata, sannan in sa hannu a gaban sunan kayan. Wanda ba shi da sa hannuna a kan injin huda ba ya kusantarsa, ko da shi ne zakaran ajin.

Daga nan sai in ba su aikin a jimla ɗaya: ka ƙera fitilar da wani mutum takamaimai zai yi karatu ko aikin hannu da ita da dare. Sharaɗin shi ne mutumin ba kai ba ne, kuma ba abokin zamanka na aji ba ne. Ka nemi wani a gida ko a maƙwabta, ka zauna da shi, ka kalli yadda yake aikinsa, ka yi masa tambayoyi, ka auna wurin da fitilar za ta zauna.

Nan ne gardama take fara tashi. "Malam, ai kowa ya san fitila. A ba mu katako kawai." Kusan kowace shekara sai na ji wannan. Ba na musu da su, sai dai in ce a je a dawo. Kuma abin da suke dawowa da shi ne yake sa ni son wannan aiki. Wata ta dawo ta ce kakarta ba karatu take yi ba, ɗinki take yi, kuma abin da ke ba ta wahala shi ne zura zare a allura, don haka tana son haske ya sauko ƙasa kusa da hannunta. Wani ya ce shi da ƙaninsa ɗaki ɗaya suke kwana da yayansu, yayan yana karatu har dare ya raba, hasken na hana ƙaramin barci. Kenan fitilar da ake bukata ita ce mai tsare haske daga gefe guda. Wani yaro ya lura cewa yayarsa bahaguwa ce, kuma idan haske ya zo mata daga hagu inuwar hannunta ce ke faɗawa kan abin da take rubutawa. Ban taɓa gaya masa cewa mai rubutu da dama yana son haske daga hagu, bahago kuma daga dama ba. Zama ya yi ya kalla, ya gano da kansa. Da a allo na rubuta wannan, kafin mako ya zagayo ya manta.

Abin da suka samo sai mu mayar da shi jerin sharuɗɗan da fitilar za ta cika. A nan nakan tsananta. Duk wanda ya rubuta "ta yi kyau" ko "ta yi ƙarfi" sai in mayar masa da takardarsa in tambaye shi: ranar da ka gama, da me za ka gwada wannan? Sharaɗin da nake karɓa shi ne wanda za a iya aunawa. Ta haska takarda A4 gaba ɗaya, wato milimita 210 a 297. Tsayinta kada ya wuce santimita 30, saboda akwai kanta a saman teburin. A iya canja batir ba tare da sukundireba ba, tunda hannun kaka ba ya riƙe ƙananan abubuwa. Kada ta kife idan aka ɗan ture ta da yatsa. Wannan takarda ita ce alƙalin aikin har ƙarshe, shi ya sa nake sa su manna ta a shafin farko na fayil ɗinsu.

Wannan sashe na tambayar mai amfani shi ne ya raba darasin da tsohon darasin aikin hannu. Koyar da aikin hannu a makaranta ya daɗe. Ƙasar Finland ta sa shi a makarantun talakawa tun 1866 ta hannun Uno Cygnaeus, Otto Salomon kuma ya horar da malamai masu yawa a Sweden bisa tsarin da yaro ke bin jerin abubuwan katako, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kowa yana ƙera irin abin da malam ya tsara. Tsarin da ake kira zayyana da fasaha ya yi ƙarfi ne bayan dokar ilimi ta 1988 a Ingila da Wales, lokacin da aka sa shi cikin manhajar ƙasa, aka ce yaro shi ma ya shiga cikin tunanin abin da za a ƙera da dalilin ƙera shi. Ni ban ga abin rainawa a tsohon tsarin ba. Yaron da bai iya yanka katako a miƙe ba, tunaninsa a takarda zai tsaya. Amma na ga ajin da yara talatin suka fito da akwati talatin iri ɗaya, kowane ya yi sumul, kuma ba wanda zai iya gaya maka me ya sa murfin ya buɗe ta nan bai buɗe ta can ba. Ina son hannu ya ƙware, ina kuma son yaro ya san dalilin kowane yanka da ya yi.

Zanen farko da biro nake sa su yi, ba da fensir ba. Idan ka ba yaro fensir da abin gogewa, zai ɓata darasi guda yana gyara layi ɗaya. Da biro kuwa, abin da ya fita ya fita, sai ya matsa gaba. Nakan ba su 'yan mintuna kaɗan a kan kowane zane, in ce a juya a yi wani daban. Matsalar da ta fi yawa ita ce yaro ya maƙale wa tunaninsa na farko, duk sauran zanen su zama shi ɗin ne aka canja wa launi. Maganin da na samu shi ne in sauya masa tambaya: idan ba a yarda fitilar ta zauna a tebur ba fa? Idan dole a naɗe ta a sa a jaka fa? Sai ka ga an fara zana mai maƙalewa a gefen gado, da mai ratayewa, da mai lanƙwasa wuya. Kyan zane ba ya cikin abin da nake dubawa a wannan mataki. Rubutun da ke gefen zanen nake karantawa, inda yaro ya ja kibiya ya ce batir a nan zai zauna, ga dalili.

Sai mu shiga kwali. Idan da za a ce in zubar da duk matakan aikin in bar guda, wannan zan bari. Kowa zai gina fitilarsa da kwali da almakashi da salatif, daidai girman da za ta kasance, ya sa ƙaramar tocila a inda ƙwan zai zauna, mu rufe tagogi mu gani. Gani ya kori ji. Fitilar da ta yi kyau a takarda sai ka ga ta kife tun kafin a sake ta, saboda wuyanta ya miƙa gaba ya wuce gindinta. A nan nake koyar da batun inda nauyin abu ya tattaru, cewa muddin wannan wuri ya fita daga saman gindin, abu zai faɗi, kuma ban taɓa bukatar dogon bayani ba, domin fitilar na kwance a gabansu. Su da kansu suke kawo mafita. Wani ya faɗaɗa gindi, wani ya ja wuyan baya. Can sai wata ta ce, "Malam, batiran fa? Ai suna da nauyi." Batir AA ɗaya yana kai kimanin giram 23, uku kuwa sun kusa giram 70, kuma idan aka kwantar da su a can bayan gindin sun isa su riƙe fitila ƙarama. Haka ma batun haske: sai an kunna tocilar yaro yake ganin cewa ƙwan yana dukan idon mai karatu kai tsaye, ko kuma ya ɗaga shi sama da yawa har hasken ya watse bai isa takardar da ƙarfi ba.

Kwali ba shi da tsada kuma ba ya cin lokaci, don haka yaro ba ya jin ciwon yaga shi ya sake. Wanda ya riga ya yi mako biyu yana goge katako ba zai yarda cewa tsarinsa na da matsala ba, zai yi ta kare shi ne. Nakan gaya musu cewa James Dyson ya yi samfurin gwaji 5,127 kafin injinsa na zuƙe ƙura ya yi yadda yake so, ni kuwa biyu ko uku kawai nake nema a wurinsu. Kuma samfurin kwalin yana zuwa gida. Mai fitilar ya riƙe shi, ya ajiye shi a inda zai zauna, ya faɗi ra'ayinsa tun ana iya canjawa.

Bayan tsari ya zauna sai zanen aiki, mai nuna abu ta gaba, ta gefe da ta sama, da awo a milimita. Wannan hanyar zane, wadda masanin lissafi ɗan Faransa Gaspard Monge ya tsara ƙa'idojinta a ƙarshen ƙarni na 18, ita ce har yau injiniyoyi ke fahimtar juna da ita. Yara ba sa son wannan mataki, suna ganin jinkiri ne. Abin da nake yi shi ne in sa su musanya zane, kowa ya gina na abokinsa da kwali ba tare da an yi magana ba. Minti goma ba sa cika sai ka ji ana cewa, "To wannan ramin ina yake daga gefe? Ba ka rubuta ba." Kuskuren da ke dawowa kowace shekara shi ne mantawa da kaurin katako. Yaro ya zana akwatin batir mai faɗin milimita 100 daga waje, zai yi shi da filawud, wato katakon da aka manna falle-falle, mai kaurin milimita 6, ya manta cewa cikinsa 88 ne zai rage. Gara ya gano wannan a takarda. Sai zanen ya wuce, an kuma rubuta jerin gutattsarin da za a yanka da girman kowanne, sannan nake buɗe ma'ajiyar katako.

Filawud muke amfani da shi, kuma nakan ɗauki guntu in nuna musu gefensa su ƙirga falle-fallen da aka manna. Yawanci adadinsu mara ne, uku ko biyar ko bakwai, kowane falle jijiyarsa ta gitta ta na kusa da shi, shi ya sa ba ya saurin tsagewa ko kandarewa kamar falankin itace. Sai awo da shata layi da sukwaya, duk daga gefe guda da aka tabbatar a miƙe yake. Sai yanka. Zarto yana cin katako gwargwadon kaurin haƙoransa, don haka ba a kan layi ake yanka ba, a gefen da za a zubar ake yi, a bar layin yana nan, daga baya a kai gare shi da magagari da samfefa.

Makonnin yanka da haɗawa su ne mafi wahala a gare ni, kuma ba saboda hayaniya ba. Wahalar ita ce ka tsaya kana kallon yaro yana fama da zarto, yankan na karkacewa, ka san cewa da ka karɓa cikin daƙiƙa ashirin ka gama. Hannunka har motsi yake yi. Amma duk ranar da na karɓi zarton na yanka masa, abin da ya koya shi ne idan abu ya yi wuya a miƙa wa Malam. Don haka na sa wa kaina doka: ba na taɓa aikin yaro da kayan aiki. Idan zan nuna, sai in ɗauko guntun da aka zubar in nuna a kansa, yadda ake tsayuwa, yadda ake miƙa manuniya a jikin mariƙin zarto, yadda ake fara yanka da jan baya a hankali sau biyu ko uku, yadda ake barin zarton ya yi aikinsa ba tare da an danna shi ba. Sannan ya koma kan nasa. Idan ya ɓata guntu ya sake wani. Shi ya sa tun wajen odar kaya nake ƙara katako a kan abin da lissafi ya nuna. Fuskar yaron da ya yanka layi a miƙe a karo na uku, da hannunsa, ba ta kama da ta wanda aka yanka wa.

Akwai wani abu kuma da nake sa wa ido. Idan aka haɗa yara aiki, sau da yawa sai ka ga masu ƙarfin hali sun mamaye kayan aiki, masu kunya kuma, galibi 'yan mata da ƙananan yara, sun koma riƙe katako da rubuta awo. Ba wanda ya tsara hakan, haka kawai yake faruwa idan aka ƙyale. Shi ya sa kowa yake da fitilarsa shi kaɗai, kuma jerin masu jiran injin huda a rubuce yake a allo. Sau da yawa yarinyar da ta fi kowa jin tsoron injin a farkon zango ita ce take fitowa da ramuka mafi tsabta, saboda tana bin ƙa'ida ba ta gaggawa.

Tunda inji ɗaya ba ya isar aji guda, nakan raba su biyu, rabi a katako, rabi a teburin lantarki. Da'irar mai sauƙi ce: batir uku, makunni, rizisto (ɗan abin da ke rage wutar da ke isa ƙwai) da ɗan ƙaramin farin ƙwan da ake kira LED. Amma ba na ba su rizisto sai sun lissafo shi. Batir uku masu bolt 1.5 sun ba da 4.5. Farin LED yana cin kimanin bolt 3, kuma ƙaramin irin da muke amfani da shi yana son wuta kamar miliamfiya 20, wato amfiya 0.02. Saura bolt 1.5 kenan da rizisto zai ɗauke. A raba 1.5 da 0.02, a sami om 75, wato girman riziston da ake bukata, sai a ɗauki na kusa da shi daga sama cikin waɗanda ake samu, wato 82. Dokar Ohm ce da suka yi a darasin kimiyya suka manta, amma yau da ƙwansu ne zai ƙone idan aka yi kuskure sai ga ta ta zauna. Nakan ware LED guda in haɗa shi da batir mai bolt 9 ba rizisto, su ga ya yi walƙiya ya mutu nan take. Bayan wannan ba mai sake tambaya ko rizisto dole ne.

Sai sun gwada da'irar a allon gwaji ta kama sannan a liƙe da dalma. Doguwar ƙafar LED ita ce ke zuwa ɓangaren batir mai alamar tarawa (+). Idan aka juya ta, ba zai kama ba. Wajen liƙi kuwa, abin da nake ta maimaitawa shi ne a ɗumama mahaɗar wayoyin, ita ce za ta narkar da dalmar, ba a narkar da dalma a bakin ƙarfen liƙi a ɗiga ba. Irin dalmar da ba ta da gubar darma tana narkewa a wajen digiri 220 a ma'aunin Selsiyas, ƙarfen kuma ya fi haka zafi nesa, don haka kullum yana komawa mazauninsa, tagogi a buɗe saboda hayaƙi, a kuma wanke hannu bayan an tashi. Idan fitila ta ƙi kamawa, ba na dubawa sai yaro ya amsa min abu uku da mitar auna wuta a hannunsa: batir na da wuta? LED na fuskantar daidai? Wace mahaɗa ce wuta ba ta wucewa? Yawancinsu kafin su zo ta uku sun gano da kansu.

Murfin fitilar da robar akirilik muke yi, a ɗora a kan abin ɗumamawa har layin da za a lanƙwasa ya yi laushi, a wajen digiri 150 zuwa 160, a lanƙwasa a jikin katakon da aka yanka daidai kusurwar da ake so, a riƙe har ya huce. Sai guga da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, mai lamba 80, 120, 240, sai gam, sai fenti ga mai so. Minti goman ƙarshe na kowane darasi na shara ne da mayar da kaya, kuma ba mai fita sai kowane zarto da kowace filaya sun koma kan hotonsu a bango.

Fitila ba ta gama ba sai ta kwana a gidan mai ita. Takan yi kamar mako guda a can, sannan ta dawo tare da abin da ya ce, a rubuce. Yaro ya buɗe shafin farko na fayil ɗinsa ya bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. Ta haska takardar duka? An auna. Ta kife da aka ture ta? An gwada. Yarinyar nan mai kaka ta dawo da labarin cewa hasken ya yi daidai, zare na shiga allura, amma makunnin ya yi wa yatsun tsohuwar ƙanƙanta, sai ta kira wani ya kunna mata. Ta rubuta haka ba ɓoye-ɓoye, ta zana makunni mai faɗi da za a danna da tafin hannu, ta kuma roƙi a bar ta ta zo lokacin hutun rana ta canja shi.

Wajen ba da maki, fitilar kanta kashi ɗaya ce cikin abin da nake dubawa. Ina duba abin da yaro ya samo daga mai amfani, da yadda tsarinsa ya canja tsakanin kwali na farko da na ƙarshe, da ingancin yanka da liƙi, da gaskiyar da ya faɗa a kan abin da bai yi ba. Yakan faru fitila mai sheƙi, wadda aka kwaikwayo daga hoto a intanet ba a tambayi kowa ba, ta sami maki ƙasa da wata mai ɗan karkataccen gindi wadda kowane sashe nata yake da dalili a fayil. Iyaye kan zo da tambaya a kan haka, kuma suna da hakkin su tambaya. Sai in shimfiɗa musu fayil ɗin biyu a tebur, a rufe sunaye, mu bi su shafi-shafi tare.